Sir William Grove (1811–1896): Ɗalibin Harshe, Alƙali, Kuma Mai Batirin Iska

Gabatarwa

Asalin wannan rubutu jinga ce. A zangon karatu da ya gabata malaminmu na darasin fassara ya raba mana takardu na Turanci, kowa da tasa a kan wani fanni na kimiyya, ya ce mu mayar da su Hausa kafin a dawo daga hutu. Wasu sun dace da zazzaɓin cizon sauro, wasu da takin zamani. Ni kuwa tawa ta faɗo a kan wata na'ura da ake girkawa a gine-ginen gwamnati a wasu ƙasashe, wadda ke ba da wutar lantarki ba ƙara ba hayaƙi. Turawa suna ce mata fiyul sel. Na karanta takardar sau uku ban kama bakin zaren ba, na duba ƙamus biyu ban sami sunan abin ba. Haka na naɗe ta na tafi da ita gida Yelwa.

Duk wanda ya san Yelwa ta Bauchi ya san unguwar ɗalibai ce. Ga matsugunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya can Gwallameji, kusan kowane gida da ɗakunan haya. A gidanmu akwai wani ɗalibin injiniyan lantarki da ya daɗe yana tsokanata, kullum tambayarsa ita ce me ake yi da digirin Hausa tunda da ita aka haife mu. Dole ta sa na kai masa takardata. Ya yi mini bayani daidai gwargwado, sannan ya ambaci sunan wanda ya fara ƙera abin. Da na bi diddigin mutumin sai na tarar ashe ɗan gidanmu ne: harshe ya karanta a jami'a, bai taɓa karɓar digirin kimiyya ba.

A cikin hutun nan kuma na raka ƙanena wani ofishin gwamnati karɓar takardar shaidar asali, wadda ba a yi masa rajistar makaranta sai da ita. Kwana uku muna sintiri. Ma'aikaci yana nan, kwamfuta tana nan, takarda tana nan, wuta ce babu, janareta kuma ba mai. Saura kwana ɗaya a rufe rajista muka samu. Tun daga ranar na daina kallon jingar nan a matsayin neman maki kawai, na ga ya kamata in gabatar muku da wannan bawan Allah.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi William Robert Grove ranar 11 ga Yuli, 1811, a garin Suwansi da ke yankin Wels na ƙasar Birtaniya. Don mai karatu ya gane nisan zamanin, shekara biyu ke nan bayan Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye. Suwansi a lokacin gari ne na narka jan ƙarfe, hayaƙin masana'antu ya rufe sama, jiragen ruwa suna shigo da ma'adinai suna fita da ƙarfe. Mahaifinsa, John Grove, mai hali ne kuma majistare. Saboda haka a gida aka ɗauko malamai suka koyar da yaron, daga nan ya wuce kwalejin Brasenose ta Jami'ar Okusfod.

Abin da ya karanta a can shi ne Girkanci da Latinanci da adabinsu, ya kammala a 1832 da sakamako na tsaka-tsaki. A 1835 ya zama lauya. A shekarar ce kuma ya shiga cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya ta adabi da binciken ilimi a garinsu. Da a ce lafiya ta ba shi haɗin kai, wataƙila da tarihinsa bai wuce na lauyan gari ba. Sai rashin lafiya ya hana shi zirga-zirgar kotu, ya zauna a gida yana wasa da kwalabe da wayoyi da ruwan asid. A 1837 ya auri Emma Powles, suka yi yawon buɗe ido a ƙasashen Turai, inda ya riƙa haɗuwa da masanan da a da sunansu kawai yake karantawa.

Batiri na Farko

A wancan zamani babu tashar lantarki ko ɗaya a duniya. Wanda duk yake son lantarki sai ya haɗa batiri, batiran kuwa raunana ne, ba su jimawa suke sanyi. A 1839 Grove ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta birnin Faris wani sabon batiri. Ya sa tutiya a cikin asid irin wanda muke kira ruwan batir, ya sa ƙarfen filatinam a cikin wani asid mai zafi, irin wanda masu sayen zinariya ke gwada ta da shi, ya raba su da 'yar tukunyar yumɓu mai tsatsafo. Ƙarfin da ya samu ya kusa ninka na batirin da aka saba da shi. Nan da nan sunansa ya bazu. Kamfanonin wayar tangaraho na Amurka sun yi shekaru kusan ashirin suna aiki da batirinsa, har sai da ma'aikata suka gaji da gurɓataccen tururin da yake fitarwa, mai shaƙe maƙogwaro, aka koma wani. A 1840 aka zaɓe shi ɗan Ƙungiyar Masana ta Sarauta, a 1841 kuma aka naɗa shi farfesa a Cibiyar Landan, yana da kimanin shekara talatin.

Wannan batiri shi ya ba shi suna yana raye. Wanda ya sa ake tunawa da shi yau kuwa wani ne dabam, wanda a lokacin kusan ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci.

Batirin Iska

Tun shekarar 1800 masana suka gano cewa idan aka tsoma wayoyin batiri biyu a ruwa, ruwan yakan rabu ya zama iska iri biyu, haidirojin da oksijin. Tambayar da Grove ya yi wa kansa mai sauƙi ce, irin wadda yaro zai iya yi. Idan lantarki yana raba ruwa ya zama iska biyu, to idan aka mayar da iskokin nan suka haɗu suka koma ruwa, lantarkin zai dawo?

Ga yadda ya gwada. Ya sami kwalabe biyu dogaye, ya kifa su a cikin ruwan batir. Ɗaya ya cika ta da haidirojin, ɗaya da oksijin. A cikin kowace ya tsayar da sillen filatinam, rabinsa a cikin iska, rabinsa a cikin ruwa. Da ya haɗa sillayen biyu da waya, sai allurar ma'auninsa ta motsa, alamar lantarki yana gudana. A hankali kuma ruwan ya riƙa hawa cikin kwalaben, domin iskar tana ƙarewa, ta haidirojin tana raguwa ninki biyu na ta oksijin. Babu wuta, babu tururi, babu wani abu mai juyawa. Abin da ya rage bayan an gama, ruwa ne. Ya buga bayanin farko a wata mujallar masana a 1839.

Adalci ya sa in ambaci wani mutum a nan. Christian Schönbein, Bajamushe mai koyarwa a garin Basel na ƙasar Suwizalan, ya buga irin wannan bincike wata guda kafin na Grove, kuma har yau akwai masu cewa shi ya riga gano sirrin. Abin sha'awa, su biyun ba su yi rigima ba, abota suka ƙulla suna musayar wasiƙu. Abin da ba a jayayya a kai shi ne Grove ne ya mayar da sirrin na'ura. A 1842, Sarki Yakubu yana kan gadon Bauchi, ya jera irin waɗannan kwalabe har tagwaye hamsin. Ƙarfin ya kai mutum biyar su riƙe hannun juna su ji girgizarsa. Sai kuma ya yi abin da ya fi burge ni: ya ɗauki lantarkin da haɗuwar iskokin ta haifar, ya raba wani ruwan da shi. Wato ruwa yana haɗuwa a nan, ƙarfin haɗuwarsa yana raba wani ruwan a can.

Ya kuma lura da inda gizo ke saƙa. Aikin ba ya faruwa sai a ɗan siririn wurin da abu uku suka gamu, iska da ruwa da ƙarfe. Faɗaɗa wannan wuri ba tare da an zuba filatinam mai yawa ba, ƙarfen da a zamaninsa ma tsadarsa ta kai a yi magana, shi ne matsalar da injiniyoyi suka gada daga gare shi.

Sunan da ya raɗa wa na'urar, in an fassara, shi ne batirin gas. A nan ne jingata ta tsaya cik. A bakin Bahaushe gas man manyan motoci ne da janareta, in na rubuta batirin gas mai karatu zai ɗauka dizal ake ɗura masa, alhali gudun dizal ɗin ake yi. Shi ya sa na zaɓi batirin iska. Bambancinsa da batirin mota ko na tocila shi ne ba ya mutuwa kuma ba a cajinsa. Muddin ana ba shi haidirojin yana shan oksijin daga sarari, zai yi ta ba da wuta.

Littafinsa

A 1846 ya fitar da littafi a kan dangantakar da ke tsakanin nau'o'in ƙarfi na halitta. Abin da ya kafa hujja a kai shi ne zafi da haske da lantarki da maganaɗisu da motsi duk 'yan gida ɗaya ne, kowane yana iya rikiɗa ya zama ɗan'uwansa, ba a ƙirƙiro shi daga babu, ba ya kuma ɓacewa. Shekara guda bayan haka Helmholtz na Jamus ya tabbatar da wannan ƙa'ida da lissafi, kuma sunansa da na Joule aka fi kawowa a littattafan makaranta. Shi Grove da zance ya bayyana ta, babu lissafi mai zurfi. Masu kimiyya suna ganin wannan rauni ne. Ni kuwa a matsayina na ɗalibin harshe ina ganin shi ya sa aka yi ta sake buga littafin har sau shida, domin mutanen da ba su iya lissafin ba sun karanta sun gane. A 1847 aka ba shi lambar yabo ta Ƙungiyar Masana ta Sarauta, ƙungiyar da shi da wasu suka matsa aka gyara dokokinta a shekarar, don a daina shigar da mutum saboda sarauta ko dukiya kawai.

Ya taɓa wasu abubuwan ma. Ya naɗe wayar filatinam a cikin kofin gilashi ya kunna ta da batirinsa har ya yi karatu da haskenta, shekaru da dama kafin ƙwan lantarkin Edison. Ya yi gwaje-gwaje a kan ɗaukar hoto tun sana'ar tana jaririya.

Komawa Kotu

Daga nan labarin ya juya. Iyali sun ƙaru, 'ya'ya har shida, albashin farfesa kuma bai taka kara ya karya ba. Wajen 1846 ya ajiye kujerar ya koma aikin lauya. Kada mu yi saurin zarginsa. Mu nan mun san malamai nawa suka bar allo suka koma inda tukunya za ta tafasa. A 1853 ya zama Lauyan Sarauniya, muƙamin da a ƙasarmu aka maye gurbinsa da Babban Lauyan Nijeriya a 1975.

Iliminsa na kimiyya ya bi shi har kotu. A 1854 ya tsaya wa Fox Talbot, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago ɗaukar hoto, a ƙarar da ya kai wani mai hoto a kan haƙƙin ƙirƙira, ba su yi nasara ba. A 1856 yana cikin lauyoyin da suka kare William Palmer, likitan da aka tuhuma da kashe abokinsa da guba. Shari'ar ta girgiza Ingila, domin masanin da ya binciki gawar bai sami gubar da ake zargi a cikinta ba, gardama ta koma tsakanin likitoci da masana sinadarai. Duk da haka aka sami Palmer da laifi aka rataye shi a watan Yuni na shekarar.

A 1871 aka naɗa Grove alƙalin babbar kotu, a 1872 aka ba shi lambar Sir, irin wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya samu a 1960. An shaide shi da tsantseni da rashin tsoro wajen yanke hukunci. Aibinsa ɗaya da masu tarihi suka kawo ya ba ni dariya: in aka kawo masa shari'ar wata na'ura, sai hankalinsa ya tafi kan yadda za a inganta na'urar, masu ƙara suna tsaye suna jiran a ce wa ke da gaskiya. Hali zanen dutse. Matarsa ta rasu a 1879. Ya yi ritaya a 1887, ya mutu a Landan ranar 1 ga Agusta, 1896, yana da shekara 85, aka binne shi a maƙabartar Kensal Green. Shekara shida bayan nan Turawa suka shigo Bauchi.

Abin da Ya Biyo Baya

Ya mutu batirin iska yana nan a matsayin abin nuna wa ɗalibai. Gawayin kwal yana da araha, an kuma ƙago injin da ke juyawa ya ba da lantarki mai yawa, wa zai tsaya neman haidirojin da filatinam? A 1889 Ludwig Mond da Charles Langer sun gwada, abin bai yi nisa ba. Sai a 1932 wani injiniya Bature, Francis Bacon, ya ɗauko aikin, ya musanya filatinam da ƙarfen nikel mai araha, ya shafe shekara 27 yana fama kafin ya nuna na'ura mai ƙarfin kilowat biyar a 1959. Ko a lokacin 'yan kasuwa ba su saya ba. Gwamnatin Amurka ce ta saya, domin tana son tura mutane duniyar wata, kuma ba a kunna janareta a cikin kumbo. Kumbon Apollo 11 da ya kai mutane wata a 1969 da irin wannan batiri ya yi aiki, ruwan da yake fitarwa kuma shi 'yan sama-jannatin suka sha. A watan nan akwai wani rami da masana suka sa wa sunan Grove.

Da aka sauko da shi ƙasa ma gwamnatoci ne a gaba. Tsakanin 1994 da 1997 ma'aikatar tsaron Amurka ta girka guda talatin a sansanoninta. A 1999 aka sa ɗaya mai kilowat 200 a ofishin 'yan sanda da ke tsakiyar babban lambun shaƙatawa na birnin Niyok, saboda jawo sabuwar waya zuwa wurin zai ci kuɗi ya kuma sa a tone lambun. Ranar 14 ga Agusta, 2003, wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan hamsin a Amurka da Kanada, birnin ya yi duhu, ofishin nan yana haske. A 2005 Japan ta sa ƙarami a gidan firayim ministanta don ta ƙarfafa wa jama'a gwiwa. A Ingila kuwa, a farkon shekarun 2000, ƙaramar hukumar Woking ta girka mai kilowat 200 don wurin wasanni da wurin ninkaya nata, wutar ta haska ginin, zafin da na'urar ke fitarwa ya ɗumama ruwa. A lambun wurin suka kafa mutum-mutumin Grove.

Abin da na fahimta daga wannan jeri shi ne sabon abu mai tsada ba ya samun mai saye na farko a kasuwa. Hukuma ce ke da ginin da ba ya son ɗaukewar wuta ko ta minti ɗaya, ita ce kuma ke iya jure tsadar farko har masu ƙerawa su ƙware farashi ya sauko.

Mu Fa?

Da na koma wa maƙwabcina injiniya da zumuɗi ina cewa ga maganin ofishin da ya wahalar da ƙanena, sai ya kwantar mini da hankali da tambaya ɗaya: ina haidirojin? Ba a haƙo shi kamar ruwan rijiya, yin sa ake yi. Waɗancan na Niyok da Woking daga iskar gas ta bututu suke tace shi, saboda haka suna fitar da iskar kabon, ko da yake ba su da baƙin hayaƙi da rurin janareta. Nijeriya tana da iskar gas mai ɗimbin yawa, amma bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, mai tsawon kilomita 614, daga Ajakuta ya bi Abuja da Kaduna zuwa Kano ne, bai biyo ta Bauchi ba.

Hanya ta biyu ita ce ta Grove kansa. Rana kam Allah ya hore mana. A 2019 an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2021 aka buɗe wata a matsugunin Gubi na jami'ar Bauchi. Ana iya raba ruwa da rarar wutar rana, a tara haidirojin a tanki, in dare ya yi ko hadari ya rufe sama a mayar da shi lantarki. Sai dai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin yakan salwanta a wannan kai-komo. Don haka a ganina ofishin da ake tashi ƙarfe huɗu bai buƙatar wannan dawainiya, faifan hasken rana da batiri na yau da kullum sun ishe shi, kuma da an sa su da ba mu yi kwana uku ba. Inda batirin iska zai yi rana shi ne wuraren da ba su barci kuma suke buƙatar ajiyar kwanaki: ɗakin tiyata, ma'ajiyar jini da allurar rigakafi, gidan ruwa. A can ma sai an tanadi wanda zai kula da shi da kuɗin gyaransa a kasafi tun kafin a yanke ƙyalle, domin duk mun san harabobin ofisoshi da matattun injuna ke kwance ciyawa ta rufe su.

Jingar dai na miƙa ta. Malam ya zagaye kalmar iska da jan biro, ya tambaya a gefen takarda ko mai karatu ba zai zaci iskar da ke kaɗawa ake nufi ba, ko ma waccan iskar da ake yi wa girka. Ya ba ni bakwai cikin goma, ya ce in sake tunani. Na gwada tukunyar lantarki, na gwada batiri mai numfashi, babu wanda ya zauna mini a baki. Duk wanda yake da sunan da ya fi, ya zo da shi taron ƙungiyar ɗaliban Hausa na gaba, ni kuma zan zo da hoton kwalaben Grove da maƙwabcina ya zana mini.